Daga Akosombo Zuwa Mitar Gida: Tarihin Bashin Wutar Lantarki a Ƙasar Gana

A cikin watan Janairu na shekarar 1966 ne Shugaba Kwame Nkrumah ya buɗe madatsar ruwa ta Akosombo a kan kogin Volta. Ba a cika mako biyar da yin wannan biki ba sai sojoji suka hamɓarar da gwamnatinsa, ran 24 ga Fabrairu, shi kuwa yana kan hanyarsa ta zuwa Hanoi. Madatsar ta fi gwamnatin da ta gina ta tsawon kwana, gama har yanzu injunanta suna juyawa. Amma tun daga ranar da aka buɗe ta akwai wata tambaya da ta yi ta bin ƙasar Gana daga gwamnati zuwa gwamnati, watau wa zai biya kuɗin wutar, nawa zai biya, kuma ta hannun wa kuɗin za su bi kafin su isa wurin mai injin.

Wutar lantarki ta riga Akosombo zuwa ƙasar da shekara hamsin. A 1914 hukumar jiragen ƙasa ta Turawan mulkin mallaka ta kafa inji a Sekondi domin ayyukanta, daga baya Ma'aikatar Ayyuka ta kai wuta Ankara a 1922, ta kai Kumasi a 1927. Ƙananan injuna ne, kowane gari da nasa, kuma ofisoshin gwamnati da unguwannin ma'aikata su ne suka fi morarsu. A 1947 aka ware Sashen Lantarki ya tsaya da kansa, amma duk da haka sashe ne na gwamnati, wanda ke duban baitulmali idan aljihunsa ya yi sanyi.

Shawarar datse kogin Volta kuwa wani masanin duwatsu ne mai suna Albert Kitson ya fara kawo ta a 1915. Ya ga ƙasar tana da ma'adinin da ake narkarwa a sami alminiyam, watau sanholo, ya kuma ga kwazazzabon da kogin ya ratsa, sai ya haɗa biyun, domin narka sanholo aiki ne mai shan wuta ƙwarai. Shawarar ta daɗe a cikin takardu. Turawan Ingila sun sa an yi dogon bincike wanda aka gama a 1956, sa'an nan suka ja da baya saboda tsada. Da Gana ta sami 'yancin kai a 1957 Nkrumah ya juya wajen Amurka, ya sami kamfanin Kaiser.

A nan ne aka ƙulla abin da ya tsara sauran labarin. Bankin Duniya, wanda ya ba da rancen dala miliyan 47, ba ya son ya zuba kuɗi a madatsar da ba ta da tabbataccen mai saye, alhali a lokacin duk ƙasar ba za ta iya shanye wutar da Akosombo za ta bayar ba. Saboda haka aka kafa kamfanin VALCO, wanda Kaiser ke da kashi 90 daga cikin ɗari na jarinsa, Reynolds kuma kashi 10, domin ya gina masana'antar narka sanholo a Tema. Kamfanin ya yi alkawarin biyan kuɗin wani ƙayyadadden kaso na wutar har shekara 30, ko ya sha ko bai sha ba, kuma da dalar Amurka. Ita kuwa Gana ta yarda ta sayar masa da kowane ma'auni, watau kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya, a kan abin da bai fi rubu'in santi ɗaya na Amurka ba sai da kaɗan. Wannan farashi yana cikin mafi araha a duniya. Abin takaici kuma shi ne masana'antar ba ta yi aiki da ma'adinin Gana ba, daga waje take shigo da kayan narkawarta. An kafa Hukumar Kogin Volta, wadda aka sani da VRA, a 1961, kamfanin Impregilo na Italiya ya yi ginin, ruwa ya taru ya zama tafki mai faɗin murabba'in kilomita kamar 8,500, aka tashi mutane wajen 80,000 daga garuruwansu aka zaunar da su a sababbin ƙauyuka 52. Da yawa daga cikin waɗannan ƙauyuka sun daɗe suna kunna aci-balbal, wayoyin wuta kuwa suna wucewa ta saman kansu zuwa Tema.

An sha sukar wannan yarjejeniya, kuma ta cancanci suka. Amma ya kamata a faɗi abin da ta yi wa VRA: ta ba ta abokin ciniki guda ɗaya, babba, mai biya a kan lokaci da kuɗin da ba sa narkewa. A shekarun farko VALCO kaɗai yana ɗaukar fiye da rabin wutar. Tun daga 1972 kuma aka fara sayar wa Togo da Dahomey, wadda yanzu ake kira Benin. Da waɗannan kuɗi hukumar ta riƙa biyan rancenta, ta yi suna cikin hukumomin da suka san aikinsu a Afirka.

Wanda ya ɗauki wahalar shi ne ƙaramin ɗan'uwanta. A 1967 gwamnatin soja ta mai da tsohon Sashen Lantarki ya zama Hukumar Lantarki ta Gana, watau ECG, aka ɗora mata aikin rarraba wuta. Matsayinta kamar na ɗan kiri ne a kasuwa: tana saro wuta daga VRA, ta bi gida-gida da shago-shago ta sayar, ta karanta mita, ta rubuta takarda, ta jira a biya. Mai madatsa yana hulɗa da masu saye 'yan kaɗan, ɗan kiri kuwa da dubbai, daga baya ma da miliyoyi. Duk sidin da zai shiga harkar lantarki daga aljihun jama'a ta taskarsa zai bi. In taskar ta huje, kowa a sama zai ji a jikinsa, ko ba yau ba.

Ta fara hujewa a shekarun 1970. Hauhawar farashin kaya ta haura kashi 100 daga cikin ɗari a 1977, ta sake yin haka a 1981 da 1983, amma gwamnati ce ke yanke kuɗin wuta, kuma ba gwamnatin da ke sha'awar ƙara shi. Aka riƙe sidi a kan 2.75 ga dala ɗaya a hukumance, alhali a kasuwar bayan fage ya zube. Waya da mita da taransifoma duk daga waje ake sayo su, kuɗin waje kuwa babu. Kuɗin da magidanci ke biya ya zama kamar sadaka, kayan aiki suka tsufa ba a sake su ba. Jama'a suka saba da cewa wuta abu ne mai araha wanda kogi ke bayarwa kyauta, kuma wannan sabo ya fi wayoyin wuyar gyara.

Shekarar 1983 ta zo da masifu a jere. Aka yi fari, gobarar daji ta cinye gonaki, Nijeriya ta koro 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya, ruwan tafki ya ja baya har aka shiga rabon wuta, masana'antar Tema ta tsaya. Gwamnatin Jerry Rawlings ta rungumi shirin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, ta karya darajar sidi, kafin shekarar ta ƙare dala ɗaya ta kai sidi 30. Ta kuma kafa kwamiti a ƙarƙashin Farfesa Akilagpa Sawyerr ya zauna da Kaiser, aka yi ta ja-in-ja har 1985, inda aka ninka farashin da VALCO ke biya sau da dama, aka kuma rage kason wutar da yake da hakki a kai. Wannan nasara ce ta gaske, sai dai ta gyara cinikin mai madatsa ne, ba ta taɓa taskar ɗan kiri ba.

Har zuwa wannan lokaci arewacin ƙasar bai ga wutar Akosombo ba, garuruwa kamar Tamale da injin dizal suke dogara. A 1987 aka ɗauke rabon wuta a arewa daga hannun ECG aka ba VRA, wanda daga bisani ya zama kamfanin NEDCo. A 1989 kuma gwamnati ta fito da shirin kai wuta ko'ina cikin shekara 30, tare da wata dabara ta taimakon kai da kai: ƙauyen da bai fi kilomita 20 daga babban layi ba, in mutanensa suka sayi turakun waya suka kuma sa wa wani kaso na gidajensu waya, gwamnati za ta ja musu wuta. Shirin ya ci nasara ƙwarai, domin kafin 2020 fiye da kashi 80 daga cikin ɗari na 'yan ƙasar sun sami wuta, abin da ƙasashe kaɗan ne kudu da Sahara suka cimma. Amma kowane sabon ƙauye yana nufin doguwar waya, da ma'aikacin da zai hau babur ya je karatun mita, da gidaje masu ƙwan fitila biyu da rediyo, waɗanda kuɗin da za su biya bai kai kuɗin man babur ɗin ba. Alheri ne ga ƙasa, nauyi ne ga mai rarrabawa, kuma ba a taɓa zama an yi lissafin wanda zai ɗauki nauyin a fili ba.

Yayin da masu sha ke ƙaruwa, kogi bai ƙaru ba. An ƙara madatsar Kpong a 1982, amma da fari ya sake dawowa a 1997 da 1998 ya tabbata ruwa kaɗai ba zai isa ba. Aka gina tashar Aboadze kusa da Takoradi mai ƙona mai. Daga nan lissafi ya sauya baki ɗaya, gama mai da dala ake sayensa, wuta kuwa da sidi ake sayar da ita. A 1997 gwamnati ta sanar da ƙarin kuɗin wuta mai tsanani, jama'a suka yi ca, aka janye. A wannan shekarar aka kafa hukuma ta musamman mai yanke farashi, watau PURC, domin a raba maganar da siyasa, aka kuma mai da ECG kamfani. A takarda an raba su. A aikace kuwa, duk sa'ad da zaɓe ya ƙarato sai hannun mai ƙarin farashi ya yi nauyi, sidi yana faɗuwa, giɓi yana faɗaɗa, har ranar da za a yi ƙarin gaba ɗaya a gigita kowa.

Ramukan taskar ECG uku ne, ba kuma girmansu ɗaya ba. Akwai wutar da ke salwanta a hanya saboda tsufan waya da taransifomar da aka ɗora wa kaya fiye da kima. Akwai wadda ake sacewa, ta hanyar ratayo waya ko murɗe mita, wani lokaci da sanin ma'aikata. In aka haɗa waɗannan biyu, shekaru da yawa kamfanin yana saro mudu huɗu ya sayar da uku, wasu shekarun ma asarar ta fi haka. Na ukun shi ne wutar da aka sayar aka rubuta takarda amma ba a biya ba, kuma a nan ne abin kunyar yake, domin cikin manyan masu taurin bashi akwai ma'aikatun gwamnati da hukumominta, watau mai kamfanin da kansa. Talaka ana iya hawa falwaya a yanke masa waya da rana tsaka. Barikin soja ko asibitin gwamnati kuwa, wane ne zai ɗauki tsani ya nufi can?

Akwai wani abu da mazauna zango suka sani sarai. An tsara farashi hawa-hawa, mai shan wuta kaɗan ya biya da rangwame, mai sha da yawa ya biya da tsada, domin a tausaya wa marasa ƙarfi. Amma a unguwanni irin su Nima da Sabon Zango a Ankara, ko Aboabo a Kumasi, gidan haya ɗaya yakan ƙunshi iyali goma ko fiye da mita guda. Mitar ba ta san iyali goma ba ne, gida ɗaya take gani mai shan wuta da yawa, sai ta jefa su hawan masu kuɗi. Ga kuma gardamar ƙarshen wata a tsakar gida, ana ƙidaya ƙwan fitila da fanka da dutsen guga na kowa. Rangwamen da aka yi domin talaka yakan tsallake shi ya faɗa wa mai ƙaramin gida shi kaɗai. Tun tsakiyar shekarun 1990 aka fara gwada mitar da ake biya kafin a sha, ta kuma rage bashi a inda aka kafa ta, amma samun mita ta kanka ya daɗe yana zama aikin bin layi da kamun ƙafa.

A watan Agusta na 2012 angar wani jirgin ruwa ta fasa bututun da ke kawo iskar gas daga Nijeriya, a gaɓar Lome. Wannan ne mafarin zamanin da 'yan Gana suka laƙaba wa suna dumsor, watau kashe-kunna da harshen Tuwi. Ya ɗauki kusan shekara huɗu, a 2015 har ya kai ana ɗauke wuta awa 24 a kawo ta awa 12. Masu walda da teloli da masu sayar da ƙanƙara suka ga ta kansu. An ɗora laifin a kan bututu da ƙarancin ruwa, kuma da gaskiya a ciki, amma akwai injunan da suka tsaya don ba kuɗin sayen mai: gwamnati ba ta biya ECG ba, ECG ba ta biya VRA ba, VRA ba ta biya masu gas ba, har a watan Oktoba na 2015 masu gas na Nijeriya suka yi barazanar rufe bututun saboda bashi. A Disamba na wannan shekara PURC ta ƙara kuɗin wuta da kashi 59.2 daga cikin ɗari a tashi ɗaya, majalisa kuma ta sa haraji a kan man fetur da lantarki domin biyan tsohon bashi.

Cikin wannan ruɗani gwamnati ta yi ta sa hannu a kan yarjejeniyoyi da kamfanoni masu zaman kansu, har da tashar lantarki ta kan jirgin ruwa daga Turkiyya. Sharaɗin da masu jarin suka nema shi ne irin wanda aka ɗora wa VALCO a da, ko an sha ko ba a sha ba a biya, kuma da dala, sai dai a wannan karon Gana ce a kujerar mai biya. A watan Yuli na 2019 ministan kuɗi Ken Ofori-Atta ya shaida wa majalisa cewa ƙasar tana da injunan da za su ba da megawat 5,083, alhali bukatarta ba ta wuce kamar 2,700 ba, kuma tana biyan fiye da dala miliyan 500 a shekara kan wutar da ba ta amfani da ita. Ƙasar da ta kwana cikin duhu shekara huɗu ta wayi gari da rarar da ba ta iya biya. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Maganin da aka daɗe ana faɗa shi ne a miƙa ECG ga 'yan kasuwa. A 2014 Gana ta ƙulla yarjejeniyar tallafi ta dala miliyan 498 da hukumar MCC ta Amurka bisa wannan sharaɗi. Ran 1 ga Maris 2019 wani kamfani mai suna PDS, wanda ya haɗa Meralco na ƙasar Filifin da wasu masu jari na Gana da Angola, ya karɓi ragamar rabon wuta a kudu na tsawon shekara 20. Bai yi wata biyar cikakku ba gwamnati ta dakatar da shi, ta ce takardar lamunin da ya kawo daga wani kamfanin inshora na Katar ba ta da inganci. A Oktoba aka soke yarjejeniyar, Amurka ta janye dala miliyan 190, ECG ta koma mazauninta. Gwajin bai nuna ko 'yan kasuwa za su iya ko ba za su iya ba, domin ba a kai ga nan ba. Abin da ya nuna shi ne an miƙa dukiyar ƙasa sukutum kafin a tabbatar da takarda ɗaya.

Bayan haka aka koma faci. A 2020 aka fito da tsarin da kuɗin da ECG ta tara za su shiga asusu ɗaya a raba wa masu injuna da masu gas da masu manyan layuka gwargwadon hakkin kowa, amma abin da ke shiga asusun bai taɓa kai abin da ake bi ba. A 2022 sidi ya rasa fiye da rabin darajarsa cikin 'yan watanni, gwamnati ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje a Disamba, bashin lantarki kuma ya shiga sahun gaba a tattaunawarta da Asusun Ba da Lamuni. Aka ƙara kuɗin wuta da kashi 27 a Satumba na 2022, aka sake ƙara kusan kashi 30 a Fabrairu na 2023. A ƙasar Krobo, wadda ke maƙwabtaka da madatsun biyu, mutane da yawa suna riƙe da cewa an yi wa iyayensu alkawarin wuta kyauta a zamanin Nkrumah, suka ƙi yarda da sababbin mitoci, har ECG ta kashe wa yankin wuta na makonni a tsakiyar 2022.

A ƙarshe kamfanin ya ɗauki tsaninsa ya nufi gidajen manya. A Maris na 2023 ya rufe ofisoshinsa ya tura ma'aikata karɓar bashin sidi biliyan 5.7 da ya ce yana bin jama'a da kamfanoni da hukumomin gwamnati. Ran 29 ga Fabrairu 2024 ya yanke wa majalisar dokokin ƙasa wuta kan bashin sidi miliyan 23, 'yan majalisa suna tsakiyar muhawara fitilu suka mutu, wasu daga cikinsu suka ɗauki kiran dumsor, dumsor. A watan Oktoba na wannan shekara kuma tashar Sunon Asogli da ke Tema ta kashe injunanta saboda dala miliyan 259 da ta ce tana bin ECG.

John Mahama, wanda dumsor ya auku a zamanin mulkinsa na farko, ya dawo kan karaga a Janairu na 2025 ya tarar da bashin yana jiransa. A tsakiyar shekarar majalisa ta amince da ƙarin harajin sidi ɗaya a kan kowace litar man fetur da dizal domin cike giɓin harkar lantarki, aka fara karɓa a watan Yuli. Ta haka direban motar haya da ke jigila tsakanin Nima da kasuwar Makola ya shiga cikin masu biyan kuɗin wutar da ta salwanta a waya, da wadda aka sace, da wadda ma'aikatu suka sha ba su biya ba, duk sa'ad da ya tsaya a gidan mai.